Bin Sawun Oksijin: Jagorar Sanin Jiki Ga Ɗalibin Agajin Gaggawa

Ɗalibin da ke koyon aikin agajin gaggawa yakan shiga karatun jikin ɗan Adam da fargaba, don sunayen da ke cikin littafi sun fi ƙarfin hadda. Ƙasusuwa kaɗai 206 ne a jikin baligi, kafin a zo kan tsoka da jijiyoyi. Sai ka ga yaro ya kwana yana bita, ya ci jarrabawa, amma ranar da aka sauke shi a bakin titi gaban wanda mota ta buge, ya rasa ta inda zai fara. Likita yana da ɗakin gwaji da na'urar hoto da lokacin tunani. Kai kuwa mintuna kaɗan ne gare ka, sai idonka da hannunka da ɗan abin da ke cikin jakarka. Saboda haka ilimin jikin da zai yi maka rana shi ne wanda ke amsa tambaya guda: iskar oksijin tana isa ga ƙwayoyin halittar wannan mutum, musamman na ƙwaƙwalwa da zuciya? In ba ta isa, a ina ta tsaya? Matakan da ke tafe suna bin hanyar da oksijin ke bi ne, daga hanci har inda ake bukatarta.

Mataki na 1: Ka fara da jikinka

Duk lokacin da ma'aikatan lafiya ke kwatanta wuri a jiki, suna ɗaukar mutumin a tsaye yake, yana fuskantarka, hannayensa a sake, tafukansa suna kallon gaba. Dama da hagu na mara lafiya ne, ba naka ba. Kana durƙushe gabansa, damarka hagunsa ce, kuma in ka rubuta rauni a haƙarƙarin dama alhali na hagu ne, ka karkatar da hankalin likita daga saifa zuwa hanta.

Ka ɗora yatsa a kan zakaran wuyanka, ka zame yatsu biyu gefe zuwa kwarin da ke tsakaninsa da tsokar wuya. Bugun da ka ji na babbar jijiyar da ke kai jini ƙwaƙwalwa ne, kuma nan ake duba baligin da ya suma, gefe ɗaya kawai, ba a danne biyun tare. Ka bi ƙashin ƙirji daga ɗan ramin ƙasan wuya har ƙarshensa, domin rabinsa na ƙasa ne wurin danna ƙirji. Ka ƙirga haƙarƙari, 12 a kowane gefe. Ka nemo bugun wuyan hannu ta ɓangaren babban yatsa, da na cikin damtse da ake dubawa a jarirai, da na matsematsi. Ka maimaita a jikin abokan karatunka, siriri da mai jiki, har hannunka ya daina lalube.

In Sallar layya ta zo, kada ka yi nisa da wurin fiɗa. Ka roƙi mahauci ya ciro maka maƙogwaro da huhu da zuciya a haɗe. Ka taɓa zobban guringuntsin da ke riƙe maƙogwaro a buɗe. Ka zura tiyo ka hura, ka ga yadda huhu ke kumbura ya yi haske, ya kuma sace da kansa in ka saki. Ka tsaga zuciyar ka gwada kaurin bangon hagu da na dama. Ka matsa hanta da saifa ka ji yadda suke saurin farfashewa. Jikin rago ba daidai yake da na mutum ba, amma abin da hannunka ya taɓa a ranar zai daɗe a kanka fiye da zanen littafi.

Mataki na 2: Hanyar iska

Iska tana shiga ta hanci ko baki ta sauka maƙoshi, inda hanya ta rabu biyu: ta gaba maƙogwaro ne zuwa huhu, ta baya bututun abinci ne zuwa ciki. A mararrabar akwai ɗan marfi da ke rufe maƙogwaro duk lokacin haɗiya. Mutumin da ke farke, tari da haɗiya suna kare masa wannan hanya. Da ya suma sai tsokoki su saki, harshe ya zame baya ya toshe ta, kuma harshe ne ya fi komai toshe hanyar iskar wanda ya suma. Da yake harshe a manne yake da muƙamuƙin ƙasa, in ka ɗaga haɓa ka ɗan karkata kai baya, ya tashi daga hanya. In kana zargin rauni a wuya, ka sa yatsu a bayan kusurwar muƙamuƙi ka turo shi gaba ba tare da motsa kan ba.

Kunnenka zai gaya maka inda matsala take. Minshari harshe ne. Kakari ruwa ne ko jini ko amai, a zuƙe shi da na'ura ko a juya mutumin gefe. Ƙara mai kaifi lokacin jan numfashi kumburi ne a sama, irin na wanda ya shaƙi zafin gobara ko wanda jikinsa ya ƙi wani magani, kuma wannan hanya tana iya rufewa gaba ɗaya cikin ƙanƙanen lokaci. Fito lokacin fitar da numfashi ƙananan hanyoyin cikin huhu ne suka tsuke, kamar a asma. Mai asmar da ya gaji har fiton ya ɗauke bai samu sauƙi ba, iskar ce ta daina shiga.

Wannan ilimin ne zai ba ka bakin hana abin da jama'a ke yi da kyakkyawar niyya. Za ka tarar ana ɗura wa wanda ya suma ruwa ko madara, ko ana cusa wa mai farfaɗiya cokali a baki. Ka faɗa da ladabi amma da ƙarfi: "Baba, don Allah a dakata da ruwan nan, ba zai iya haɗiyewa ba, huhunsa zai tafi."

A cikin ƙirji maƙogwaro ya rabu biyu. Reshen dama ya fi faɗi kuma ya fi miƙewa, shi ya sa ƙwayar gyaɗar da yaro ya shaƙa ta fi faɗawa huhun dama.

Mataki na 3: Numfashi, da lissafin da ke ceton rai

Huhu ba ya jan iska da ƙarfin kansa. Wata faffaɗar tsoka ce da ta raba ƙirji da ciki take aikin. In ta tsuke sai ta yi ƙasa, tsokokin tsakanin haƙarƙari su ɗaga ƙirji, fili ya ƙaru, iska ta shigo. In ta saki iskar ta fita. Huhu yana bin bangon ƙirji ne saboda wasu tantani biyu masu ɗan danshi da ke manne da juna. In wuƙa ko karyayyen haƙarƙari ya bari iska ta shiga tsakaninsu, huhun wannan gefe ya sace. In iskar tana shiga ba ta fita, sai ta taru ta matse zuciya da manyan jijiyoyin da ke dawo mata da jini. Za ka ga numfashi yana ƙara tsanani, gefe ɗaya na ƙirji ba ya tashi, ba ka jin iska a cikinsa, jijiyoyin wuya sun kumbura, bugu ya yi sauri ya raunana. Littafi zai ambaci karkacewar maƙogwaro zuwa ɗaya gefen, amma wannan alama a makare take zuwa, kada ka jira ta.

Baligi yana numfashi sau 12 zuwa 20 a minti, yana jan kimanin mililita 500 kowane karo. Daga ciki, kusan mililita 150 suna tsayawa ne a hanci da maƙogwaro da rassansa, ba sa kaiwa inda ake musayar iska. Ka ɗauki mutum biyu. Na farko yana jan 500 sau 12: jimla 6,000 a minti, abin da ya isa can ciki kuma 350 sau 12, wato 4,200. Na biyu haƙarƙarinsa sun karye, zafi ya hana shi jan numfashi sosai, yana jan 200 sau 30. Jimlarsa shi ma 6,000 ce, amma abin da ya isa can ciki 50 sau 30 ne, wato 1,500 kacal. Ga ido yana ta numfashi, a zahiri yana shaƙewa. Don haka ƙirgawa kaɗai ba ta wadatar: ka kalli ƙirji, yana tashi sosai? Gefen biyu tare? Yana iya faɗin cikakkiyar jimla ko kalma ɗaɗɗaya yake tsinta? Wanda numfashinsa bai kai ba, sanya masa abin rufe hanci na oksijin bai isa ba, sai ka taimaka masa da jakar hura iska.

A nan sababbin ma'aikata suka fi wuce gona da iri, tsoro ya sa su yi ta matsa jaka da sauri. Ga baligi mai bugun jini, hurawa ɗaya duk daƙiƙa 6 ta isa, daidai yadda ƙirji zai tashi. Wuce haka yana cika ciki da iska ya jawo amai, yana kuma ƙara matsi a ƙirji ya rage jinin da ke komawa zuciya.

Abin da ke umartar jiki ya yi numfashi yawan iskar kabon-dayoksaid ne a jini (gurɓatacciyar iskar da jiki ke fitarwa), wanda gindin ƙwaƙwalwa ke aunawa. Kodin da ire-irensa suna kwantar da wannan cibiya, shi ya sa matashin da ya sha ya wuce kima za ka same shi yana numfashi jefi-jefi, ɗigon tsakiyar idonsa ya tsuke ƙwarai. Mai ciwon suga kuma da sukarinsa ya hau har jininsa ya yi tsami zai riƙa numfashi mai zurfi da sauri don fitar da tsamin. In za ka ƙirga numfashi, ka bar yatsunka a wuyan hannunsa kamar bugu kake ji, domin da ya san kana ƙirgawa zai sauya shi. Kuma ɗan jan iskar nan na lokaci-lokaci da wanda zuciyarsa ta tsaya yake yi ba numfashi ba ne. Ka fara danna ƙirji.

Mataki na 4: Jinin da ke ɗauke da ita

A ƙarshen rassan huhu akwai miliyoyin ƙananan jakunkunan iska da siraran jijiyoyin jini suka kewaye. Nan oksijin ke tsallakawa cikin jini, kabon-dayoksaid ta fito. Iskar da muke shaƙa kashi 21 cikin 100 oksijin ce, wadda muke fitarwa tana da kimanin kashi 16, shi ya sa hura wa mutum iskar baki yake da amfani. Mai ɗaukar oksijin a jini shi ne himogulobin da ke cikin jajayen ƙwayoyin jini. Baligi yana da kusan mililita 70 na jini a kowane kilo na nauyinsa, wato kimanin lita 5 ga mai kilo 70.

Na'urar da ake maƙalawa a yatsa tana nuna kashi nawa na himogulobin ne ke ɗauke da kaya, lafiyayye yakan nuna 95 zuwa sama. Ba ta gaya maka yawan himogulobin ɗin kansa. Yaron da zazzaɓin cizon sauro ya cinye wa jini, ko mai sikila, ko matar da ta zubar da jini wurin haihuwa, na'ura na iya nuna 98 alhali jikin yana cikin yunwar oksijin. Yatsa mai sanyi ko farce mai baƙin lalle na iya rikita ta, kuma a baƙar fata takan nuna adadi sama da na gaskiya.

Ga wanda ya fi haɗari. An kira ka gida da asuba, mutanen ɗaki ɗaya duk suna ciwon kai da jiri da amai, ɗaya ba ya farkawa, ga janareta a soro ko kaskon gawayi a ɗakin da aka rufe saboda sanyin hunturu. Iskar kabon-monoksaid ce, ba ta da wari ko launi, kuma tana kama himogulobin fiye da yadda oksijin ke kama shi sau 200 da wani abu. Na'urar yatsa ba ta bambance su, za ta nuna maka komai lafiya. A buɗe ƙofa da taga, a kashe injin, a fitar da kowa waje, a ba su oksijin mai yawa, a kai su asibiti har waɗanda suka ce sun warware.

Littattafan da aka rubuta a Turai da Amurka za su ce mara lafiya ya yi fari ko shuɗi. A fatarmu wannan ba ya fitowa a fuska. Ka ja fatar ido ta ƙasa, ka duba harshe da cikin leɓe da tafin hannu. Ka saba da kamanninsu a jikin masu lafiya tukuna.

Mataki na 5: Zuciya

Ɗakuna huɗu gare ta, biyu a sama masu karɓa, biyu a ƙasa masu turawa. Ɓangaren dama yana karɓar jinin da ya dawo daga jiki ya tura shi huhu, hanyar da likitan nan Ibn al-Nafis ya bayyana tun ƙarni na 13. Ɓangaren hagu yana karɓar wanda ya fito daga huhu ya tura shi duk jiki, dalilin kaurin bangonsa ke nan. Daga wannan tsari za ka iya gano alamu da kanka. In hagu ya gaza, jini ya taru a bayansa, wato a huhu: mutum ba ya iya kwanciya, yana haki, wani lokaci da kumfa a baki, kuma zaunar da shi ake yi. In dama ya gaza, jini ya taru a jiki: ƙafafu su kumbura, jijiyoyin wuya su cika.

Kowane bugu yana tura kimanin mililita 70. A bugu 70 a minti, kusan lita 5 ke nan, wato jinin mutum duka yana zagayawa sau ɗaya a minti yana hutawa. Bugun baligi 60 zuwa 100 ne. Zuciya tana cika ne a ɗan hutun da ke tsakanin bugu da bugu, kuma a wannan hutun ne jijiyoyin da ke ciyar da tsokarta suke samun yawancin jininsu. Shi ya sa bugu mai tsananin sauri yake rage abin da take turawa, kuma shi ya sa a danna ƙirji ake cewa ka bar shi ya dawo daidai bayan kowace dannawa. Ƙa'idar baligi: dannawa 100 zuwa 120 a minti, zurfin santimita 5 zuwa 6, dannawa 30 hurawa 2. Ƙwayoyin ƙwaƙwalwa suna fara mutuwa bayan minti 4 zuwa 6 babu oksijin.

Mataki na 6: Shok, inda komai ke haɗuwa

Shok shi ne gazawar jini ya isar da oksijin ga ƙwayoyin halitta. Ka tuna mai noman rani a fadama: yana bukatar inji, da tiyo, da ruwa a rijiya, kuma kowanne ya gaza shuka ta bushe. Zuciya na iya gazawa, kamar bayan toshewar jijiyarta. Jijiyoyi na iya saki su yi faɗi har jinin ya kasa cika su, kamar a cutar da ta shiga jini, ko jikin da ya ƙi magani ko harbin ƙudan zuma, ko raunin laka. Ko kuma ruwan ne ya ƙare, ta zubar jini, ko amai da gudawa, ko ƙuna. Na ƙarshen nan za ka fi haɗuwa da shi.

Ka ɗauka ɗan acaɓa ne, matashi, mota ta buge shi, cinyarsa ta kumbura ta gajarce, babu jini a ƙasa. Yana magana, yana neman tashi, yana roƙon ruwa. Ka auna matsin jininsa ka samu 118 bisa 80. Mai sabon hannu zai ce da sauƙi. Amma ka taɓa goshinsa: sanyi da gumi. Bugunsa 118, siriri. Numfashinsa 24. Ka danna farcensa ka saki, launin ya fi daƙiƙa 2 bai dawo ba. Karayar ƙashin cinya kaɗai na iya zubar da lita 1 zuwa 1.5 cikin tsoka.

Abin da kake gani jiki ne yana kare kansa. Da jini ya ragu, sai a saki sinadarin adirenalin: zuciya ta ƙara sauri, jijiyoyin fata da hanji da ƙoda su tsuke don a tara jini ga ƙwaƙwalwa da zuciya. Sanyin fata da gumin daga nan suke. Ƙwayoyin da aka rage wa oksijin suna samar da tsami, numfashi ya ƙara sauri don rage shi. Rashin natsuwar da kake ɗauka taurin kai ne, ƙwaƙwalwa ce ta fara jin ƙarancin. Baligi na iya rasa kashi 15 cikin 100 na jininsa, kimanin mililita 750, ba a ga komai sosai ba. Daga 15 zuwa 30 bugu da numfashi suke hawa. Matsin jini ba ya yawan faɗuwa sai an haura kashi 30, kusan lita 1.5. Duk wanda ya jira matsin jini ya faɗi kafin ya ce shok ne, ya bar lokacin da ya fi tsada ya wuce. A ganina wannan ne darasi mafi nauyi a duk karatun nan. Ka kuma lura da tsofaffin da ke shan wasu magungunan hawan jini masu rage bugun zuciya: nasu bugun ba lallai ya hau ba ko da suna zubar da jini.

Aikinka ya fito daga fahimtar nan. Ka tsayar da jinin da ke fita: danna da ƙarfi kai tsaye a kan rauni, cusa bandeji cikin mai zurfi, in hannu ne ko ƙafa kuma jini ya ƙi tsayawa ka ɗaure da maɗaurin jini santimita 5 zuwa 7 sama da raunin, ba a kan gaɓa ba, ka rubuta lokacin. Ka kwantar da shi, ka ba shi oksijin, ka ɗaure karaya. Ka lulluɓe shi ko da ana zafin bazara, domin jinin da ya yi sanyi ba ya daskarewa yadda ya kamata. Kada a ba shi ruwa, tiyata na iya jiransa: "Yi haƙuri ɗan'uwa, na san kana jin ƙishi, a asibiti za a sa maka ta jijiya." Mai amai da gudawa kuwa da ke farke yana iya haɗiya, ruwan gishiri da suga ake fara ba shi tun a hanya.

Mataki na 7: Ciki da ƙugu

Ka ja layi biyu a zuci da suka gitta a cibiya. Sama ta dama hanta da matsarmama, sama ta hagu saifa da tumbi, ƙasa ta dama wurin afendis (ɗan tsiron da ke jikin hanji), ƙasa ta hagu ƙarshen babban hanji. Ƙoda biyu suna can baya, ƙarƙashin haƙarƙarin ƙarshe. Hanta da saifa da ƙoda in sun fashe jini suke zubarwa. Tumbi da hanji da mafitsara abin cikinsu suke zubarwa, ciki ya yi tauri da zafi. Hanta da saifa suna fake ne a bayan haƙarƙarin ƙasa, don haka karaya a nan rauni ne na ciki har sai an tabbatar da akasin haka. A yankinmu yawan zazzaɓin cizon sauro yana kumbura saifa, kumburarriya kuma bugu kaɗan ke fasa ta.

Mai shok da ba ka ga jininsa ba, ka nemi jinin a ƙirji, ciki, ƙugu da cinyoyi. Ƙugu da ya karye na iya ɓoye lita 2 ko fiye. Kada ka yi ta girgiza shi don gwaji, ka ɗaure shi da zane mai faɗi daidai saitin kan ƙashin cinya. Mace kuma mai shekarun haihuwa da ciwon mara da alamun shok, ka tambaye ta a keɓe da mutunci yaushe ta ga al'adarta ta ƙarshe, domin cikin da ya zauna a wajen mahaifa yana fashewa ya zubar da jini a ɓoye.

Mataki na 8: Ƙwaƙwalwa da laka

Ƙwaƙwalwa kimanin kashi 2 cikin 100 ce ta nauyin jiki, amma tana cin kusan kashi 20 na oksijin, kuma ba ta da ajiyar oksijin ko suga. Saboda haka sauyin hankali yakan riga sauran alamu. Ka auna shi a matakai huɗu: a farke yake, ko sai an kira shi, ko sai ya ji zafi, ko ba ya amsawa sam. "Malam, kana jina? Yaya sunanka?" Duk wanda hankalinsa ya sauya ka auna sukarinsa, ƙasa da 70 a awon miligiram ya yi ƙasa. Dattijo mai ciwon suga da ya sha magani yana azumi zai iya kama da mai shanyewar ɓarin jiki, alhali suga kawai yake bukata.

Ƙoƙon kan baligi ba ya buɗewa. In jini ko kumburi ya taru a ciki, ƙwaƙwalwa ce ke matsuwa: amai, barci mai nauyi, ɗigon ido ɗaya ya buɗe ya daina amsa hasken tocila, daga baya matsin jini ya hau, bugu ya ragu, numfashi ya rikice. Ka lura wannan kishiyar shok ne. Mai raunin kai da bugunsa ke sauri matsinsa ke ƙasa, yana zubar da jini a wani wuri, ka nemo shi. Wanda ya suma ya farka ya ce lafiyarsa ƙalau, a kai shi asibiti, domin akwai zubar jinin cikin kai da ke ba da irin wannan tazara kafin ya kayar da mutum.

Ƙashin baya gaɓoɓi 33 ne: 7 a wuya, 12 a ƙirji, 5 a gadon baya na ƙasa, 5 haɗaɗɗu a ƙugu, 4 a ƙarshe. Laka tana bi ta cikinsu, kuma rauni yana kashe abin da ke ƙasansa. Jijiyar da ke motsa tsokar numfashi tana fita ne daga gaɓa ta 3 da ta 4 da ta 5 ta wuya, don haka rauni a sama da nan yana tsayar da numfashi. Wannan ne ya sa ba a ɗaukar wanda ya yi haɗari hannu da ƙafa kai yana lilo a jefa shi a bayan adaidaita sahu.

Mataki na 9: Jikin da ya sha bamban

Kan ƙaramin yaro babba ne, in ka kwantar da shi rigingine wuyansa yana lanƙwashewa, sai ka sa ɗan naɗaɗɗen tawul a ƙarƙashin kafaɗunsa. Harshensa babba ne, hanyar iskarsa siririya. Jininsa kimanin mililita 80 ne a kilo, yaro mai kilo 10 bai wuce mililita 800 ba, abin da ya jiƙa riga ɗaya babban rashi ne gare shi. Yana riƙe matsin jininsa har kusan ƙarshe sannan ya faɗi farat ɗaya. Zuciyar yara galibi rashin iska ne ke tsayar da ita, bugun da ya fara raguwa a yaro mara lafiya kira ne na a duba numfashi nan take.

Mai juna biyu jininta yana ƙaruwa da kashi 40 zuwa 50 cikin 100, tana iya zubar da mai yawa kafin alama ta bayyana, a lokacin kuma jinin da ke zuwa ga ɗan cikin ya riga ya ragu. Daga mako 20, in ta kwanta rigingine mahaifa tana danne babbar jijiyar da ke mayar da jini zuciya. A karkata ta gefen hagu.

Fata ce ke riƙe ruwa da zafin jiki, don haka mai ƙuna yana rasa duka biyun. A baligi kai kashi 9 ne, kowane hannu 9, gaban gangar jiki 18, baya 18, kowace ƙafa 18, al'aura 1. Tafin hannun mara lafiya da yatsunsa kusan kashi 1 ne.

Mataki na 10: Ka mayar da shi bayani

Ku zauna biyu-biyu. Ɗaya ya kawo hali, ɗayan ya bi hanyar da baki: iska na shiga? Tana kaiwa can ciki? Akwai jinin da zai ɗauke ta? Zuciya na turawa? Ƙwaƙwalwa na samu? Duk alamar da ka ambata, abokinka ya tambaye ka dalilinta, kada ya ƙyale ka sai ka kai ta ga gaɓar da ta haifar da ita. Ka riƙa auna bugu da numfashi da matsin jinin masu lafiya a gida don ka san daidai. A bakin aiki kuma ka sake awo duk minti 5 ga wanda ke cikin haɗari, duk minti 15 ga wanda ya daidaita, domin inda lambobi suka dosa ya fi lamba ɗaya faɗin gaskiya.

Sannan ka koyi miƙa mara lafiya cikin gajeren bayani. Ga na ɗan acaɓan nan: "Sista, namiji ne ɗan kimanin shekara 25, mota ta buge shi da ƙarfe 4:10. Karaya a cinyar hagu, babu rauni a buɗe, ciki da laushi, ƙugu bai nuna ciwo ba. Yana farke amma ba ya natsuwa. Bugu ya tashi daga 118 zuwa 130 cikin minti 10, numfashi 26, matsin jini ya sauka daga 118 bisa 80 zuwa 100 bisa 76, fata da sanyi da gumi. Mun ɗaure ƙafar, mun sa oksijin, mun lulluɓe shi, bai sha komai ba. Ina zargin yana zubar da jini a cikin jiki."